Yadda Ake Feɗe Waƙar Furuci Mai Magana Kan Waya, Tunawa da Kewa

Waƙar furuci ita ce wadda mawaƙi yake tsayawa gaban jama'a ko gaban kyamara ya faɗe ta da muryar magana, ba rerawa, kuma galibi ba kiɗa. Don kunne da ido aka gina ta. Wanda ya samo rubutun kalmominta kawai, ya zauna yana feɗe su kamar rubutacciyar waƙa, rabi ya riƙe. Ɗaya rabin yana cikin numfashi, da saurin baki, da shirun da mawaƙi ya bari, da abin da hannunsa yake yi a lokacin.

Idan waƙar ta taɓo waya da hotuna da saƙonni da kewar wani, sai a sami tarko na biyu. Da yawan masu sharhi da zarar sun ji an ambaci waya sai su yanke hukunci cewa mawaƙi yana sukar fasahar zamani, shi ke nan sun gama. Waƙa mai kyau ba ta cika tsayawa a magana mai arha irin wannan ba. Abin bi shi ne aikin da na'urar take yi a cikin waƙar: me ta ajiye, me ta ɓatar, me ta dawo da shi alhali ba wanda ya tambaye ta. Matakan da ke ƙasa duk hanya ce ta kaiwa ga wannan da hujja a hannu.

Kayan aiki da waƙar gwaji

Kana buƙatar iyafis mai kyau, da takarda, da biro kala biyu, da manhajar kallo mai nuna sakan. YouTube yana bari a rage gudun bidiyo zuwa 0.75, wanda ya isa a kama kalmar da ta wuce da sauri ba tare da murya ta lalace ba. Idan za ka iya sa sautin a Audacity, manhajar gyaran sauti wadda kyauta ce, za ka ga shiru da idonka a matsayin layi miƙaƙƙe, ka kuma auna tsawonsa. Ka ware aƙalla awa biyu ga waƙar minti uku.

Ga 'yar waƙa da aka ƙaga musamman don wannan darasi, da ita za mu riƙa gwada kowane mataki:

Har yanzu lambarki tana wayata,
ban goge ba.
Na sauya waya sau uku,
kina biyo ni kamar ba ki san kin tafi ba.
Saƙon muryarki, sakan goma sha ɗaya,
na san inda kike jan numfashi,
na san inda ƙofa ta yi ƙara a bayanki.
Jiya wayar ta ce da ni: ga abin da ya faru shekara huɗu da suka wuce.
Wa ya tambaye ta?
Na rubuta miki: kin isa lafiya?
Alama ɗaya.
Alama ɗaya.
Yau na kira, wani ya ɗauka,
ya ce: wa kake nema?
Na ce: yi haƙuri, kuskuren lamba ne.
Ban yi kuskure ba.

Mataki na 1: Saurare uku, kowanne da aikinsa

Na farko, ka kalla daga farko har ƙarshe, ba biro a hannu, ba tsayarwa. Da ta ƙare ka rubuta abu biyu kawai: ɗangon (wato layin waƙa) da ya maƙale maka a ka, da wurin da ka ji jikinka ya sauya. Wannan shaida ce da ba za ka sake samu ba, domin saurare na biyu ya riga ya san abin da ke zuwa.

Na biyu, ka kife allon ka saurari murya kaɗai. Na uku, ka kashe sautin ka kalli jiki: ina idonsa yake kallo, yaushe ya matsa kusa da makirufo, yaushe hannu ya ɗaga. Mutane sun fi tsallake na ukun nan, alhali a waƙar da ke magana kan waya yana da nauyi na musamman. Dalili kuwa shi ne wannan salo ya bunƙasa sosai a gasar waƙa da ake kira silam, wadda Marc Smith ya assasa a Shikago ta Amurka cikin shekarun 1980, ta kuma zauna a wata mashaya ta birnin mai suna Green Mill daga 1986. Ƙa'idojin da aka fi bi a gasar su ne minti uku, ba kiɗa, ba kayan wasa a hannu, alƙalai biyar daga cikin 'yan kallo suna ba da maki daga 0 zuwa 10, a jefar da mafi girma da mafi ƙanƙanta. Tunda ba a yarda mawaƙi ya riƙe waya ta gaske ba, sai ya yi ta da tafin hannunsa. To, ka lura da wannan wayar ta iska: ya kai ta kunne, ko ya riƙe ta nesa da jiki, ko ya manna ta a ƙirji? Yaushe ya buɗe hannun ya sake ta? Sau da yawa a nan ne waƙar take faɗin abin da bakin ya ƙi faɗa.

Mataki na 2: Rubuta abin da ka ji, har da shirun

Kada ka dogara da rubutun da manhaja take fitarwa da kanta a ƙasan bidiyo. Yana haɗiye maimaici, ba ya nuna shiru, kuma yakan sauya kalmar da mawaƙi ya karya da gangan zuwa wadda aka saba ji. Ko rubutun da mawaƙin ya wallafa da kansa ma, ka ajiye shi gefe tukuna. Za ka kwatanta daga baya, kuma duk inda bakinsa ya saɓa wa rubutunsa wuri ne na tsayawa.

Ka yanka ɗango a inda ya ja numfashi, ba inda nahawu ya ce jimla ta ƙare ba. A gefen hagu ka sa lokaci, kamar 0:42. Sanda ɗaya (/) ga shirun da bai kai sakan ɗaya ba, biyu (//) ga sakan ɗaya zuwa biyu, uku (///) ga abin da ya haura haka, ka rubuta adadin sakan ɗin a kai. Da biro na biyu ka ja layi ƙarƙashin kalmar da aka danna, ka sa kibiya sama ko ƙasa inda murya ta hau ko ta sauka. Ka kuma rubuta abin da 'yan kallo suka yi: dariya, tafi, ƙyasta yatsu, ko tsit.

Sai aunin gudu. Ka raba waƙar zuwa gutsattsari na sakan goma-goma, waƙar minti uku za ta ba ka 18. Ka ƙirga kalmomin kowane gutsure ka jera lambobin. Adadin kansa ba shi ne abin dubawa ba, sauyin ne. Inda lamba ta faɗo daga 30 zuwa 9, wani abu ya faru a wurin, ko da kalmomin ba su nuna ba. A waƙarmu, a ɗauka mawaƙin ya zubo ɗangwaye bakwai na farko a guje, sannan ya bar sakan uku tsakanin "alama ɗaya" ta farko da ta biyu. Wannan shirun shi ne jiran alama ta biyu ta fito a allo. Ya sa ɗakin gaba ɗaya ya yi jiran tare da shi. A takarda ba za ka taɓa ganin haka ba, maimaici kawai za ka gani.

Mataki na 3: Wa yake magana, da wa yake yi?

Ka zagaye kowane wakilin suna: ni, ke, kai, shi, ita, mu. Sannan ka bi su daga sama zuwa ƙasa ka ga inda suka sauya. A waƙarmu "ke" ce ake yi wa magana har zuwa "na rubuta miki", daga nan ba a sake kiranta ba. A ƙarshe "wani" ne ya ɗauka, kuma shi ne kaɗai ya amsa wa mai magana a duk waƙar. Akwai kuma "ta" a "wa ya tambaye ta?", wadda ba matar ba ce, wayar ce. Mutum uku ke nan da na'ura ɗaya, kuma wadda aka fi so a ji daga gare ta ita ce ba ta ce komai ba.

Ka raba mawaƙi da mai magana a cikin waƙa. A waƙar furuci wannan yana da wuya, domin mutumin yana tsaye gabanka, muryarsa tana rawa, sai ka ɗauka tarihin rayuwarsa yake ba ka. Mai yiwuwa haka ne, mai yiwuwa kuma labarin wani ya ara, ko ya haɗa na mutum uku. A sharhinka ka rubuta "mai magana" idan kana nufin wanda ke cikin waƙa, "mawaƙi" idan kana nufin wanda ya zaɓi kalmomi da shiru. Tonon rayuwar mawaƙi don a gano wace ce "ke" ba nazari ba ne, kuma ba ya ƙara wa fassara komai.

Mataki na 4: Bi na'urar kamar mai gyaranta

Nan ne aikin ya fi yawa, nan ne kuma fassara mai kyau take rabuwa da ta jeka-na-yi-ka. Ka jera duk abin fasaha da aka ambata. Ga kowanne ka amsa tambaya biyu, kuma a jere: yaya abin yake aiki a zahiri? Sannan me mawaƙi ya sa shi ya yi? Masu gaggawa suna tsallake ta farko su faɗa ta biyu, su ce waya alama ce ta kaɗaici. Ta yiwu. Amma kowace waya a kowace waƙa za a iya faɗa mata haka, don haka ba ka ce komai game da wannan waƙar ba.

Ɗauki "alama ɗaya". A WhatsApp alama ɗaya mai ruwan toka tana nufin saƙo ya bar wayarka amma bai shiga ta wancan ba. Biyu masu toka, ya shiga. Biyu shuɗaye, an buɗe, kuma shuɗayen nan a Nuwamba 2014 aka kawo su. Bambancin yana da girma ga ma'ana. Da mawaƙin ya ce shuɗaye biyu ba amsa, da waƙar wulaƙanci ce: ta gani ta ƙi. Alama ɗaya kuwa tana da fuska fiye da ɗaya: ko wayar a kashe take, ko an daina amfani da layin, ko an toshe mai aikowa, domin wanda aka toshe ma alama ɗaya yake gani. Mawaƙin ya zaɓi alamar da ba ta faɗin dalili. Sai ɗangon "wani ya ɗauka" ya zo ya rage fuskokin. Kamfanonin sadarwa suna karɓe layin da ya daɗe ba a amfani da shi su sayar wa wani. Ke nan ba toshewa ba ce kawai, layin kansa an bar shi tsawon lokaci. Ko ta rasu, ko ta yi nisan da ta yar da lambar.

Ɗauki kuma "na sauya waya sau uku, kina biyo ni". Lambobi sukan bi mutum zuwa sabuwar waya da kansu idan an ajiye su a asusun Google ko a kan sim. Wannan ya gaskata "kina biyo ni". Amma saƙon murya na WhatsApp ba ya biyo kowa haka nan, sai an yi ajiyar hirarraki an kuma dawo da su a sabuwar wayar, ko an kwashe su da hannu. Wato mai magana sau uku yana ɗauko muryar da kansa, sannan ya ɗora wa matar laifin biyo shi. Wanda bai san yadda abin yake aiki ba zai karanta ɗangon a matsayin mutuntarwa mai daɗi, wato ba wa abu halin mutum, ya wuce. Wanda ya sani zai ga mutum yana yaudarar kansa, kuma wannan ne ya share fagen ƙaryar da ya yi wa baƙon a ƙarshe.

Bayan haka ka tantance wane aiki na'urar take yi cikin huɗun nan, ko nawa daga ciki. Akwai na'ura mai ajiya, wadda take riƙe murya ko hoto yadda yake ba sauyi. Akwai mai ɓatarwa: waya ta faɗa ruwa, an manta kalmar sirri, kamfani ya rufe. Wannan ba ƙage ba ne na mawaƙa, Yahoo ya rufe GeoCities, dandalin gina shafukan intanet, a 2009 da shafukan mutane a ciki, dandalin sada zumunta na MySpace kuma ya sanar a 2019 cewa waƙoƙin da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya. Akwai mai dawo da abu ba a nema ba, kamar tsarin tuna-baya da Facebook ya fara a 2015, mai fito maka da abin da ka wallafa a rana irin ta yau a shekarun baya. Lissafin kwanan wata kawai yake yi, bai san wanda ya rasu ko wanda aka rabu da shi ba, kuma "wa ya tambaye ta?" martani ne ga wannan rashin sanin. Akwai kuma mai shiga tsakani, wadda take kusantar da murya ta bar jiki a nesa.

Na'ura tana kuma sa wa waƙa kwanan wata. Kaset mai minti 30 a kowane gefe, fim ɗin kyamara mai hoto 24 ko 36, saƙon tes mai haruffa 160, sitatus mai ɓacewa bayan awa 24 wanda WhatsApp ya kawo a 2017: kowanne yana nuna zamani, kowanne kuma yana da iyakarsa. Idan mawaƙi yana kewar kaset, ka tambaya ko kaset ɗin yake kewa ko ƙarancin, lokacin da hoto 36 ne kawai don haka kowanne sai an yi shawara kafin a ɗauka.

Mataki na 5: Raba lokutan

Waƙar tunawa tana tafiya a kan lokaci uku: lokacin da abin ya faru, lokacin da ake tuna shi, da lokacin da ake faɗa wa 'yan kallo. Ka bi aikatau ɗaya bayan ɗaya ka sa wa kowanne alama: shuɗaɗɗe, mai ci, sabau (abin da akan yi), ko mai zuwa. Abin nema shi ne inda aka sa lokaci mai ci a kan abin da ya riga ya wuce. "Inda kike jan numfashi" ya zo da lokaci mai ci, alhali "ƙofa ta yi ƙara" shuɗaɗɗe ne. A cikin saƙo ɗaya, ƙofar ta wuce, matar ba ta wuce ba. Ka lura kuma da yadda kalmomin lokaci suke matsowa: har yanzu, shekara huɗu, jiya, yau. Waƙar tana tafiya zuwa ranar da ajiyar ta daina aiki.

Sannan ka duba me aka tuna da me aka bari. Tunawar mutum ba ajiya ba ce irin ta na'ura. Duk sanda aka tuno abu sake gina shi ake yi, yana ɗan sauyawa. Na'ura kuwa abu ɗaya take maimaitawa. Mai maganarmu bai faɗi ko kalma ɗaya daga abin da matar ta ce a saƙon ba. Numfashi ya riƙe, da ƙarar ƙofa, da tsawon sakan. Ya saurara har kalmomin sun daina zama magana. Kuma bai kawo wani abu game da ita da ba ya cikin wayar ba: ba fuska, ba wuri, ba ranar da suka zauna tare. Tambayar da ta dace a nan ita ce ko ajiyar ta taimaki tunawarsa ko ta maye gurbinta.

Akwai binciken masana da yake taɓa wannan. Betsy Sparrow da abokan aikinta sun wallafa a 2011 cewa mutane ba su cika riƙe bayanin da suka san an ajiye a kwamfuta ba, sun fi riƙe inda aka ajiye shi. Linda Henkel kuma ta gwada masu zagaya gidan tarihi, ta ga abubuwan da suka ɗauka a hoto ba su tuna su kamar waɗanda suka kalla kawai ba, sai dai idan sun kusanto da kyamara kan wani sashe. Kana iya kawo irin wannan a jimla ɗaya ko biyu don haskaka ɗango, amma da taka-tsantsan: wani ɓangare na binciken Sparrow bai ba da sakamako iri ɗaya ba da aka sake gwada shi a 2018. Waƙa kuma ba rahoton bincike ba ce da za a ce ta yi daidai ko ta yi kuskure.

Mataki na 6: Kewar mene ne?

Cewa jigon waƙa "kewa" ne bai wadatar ba. Ka cike gurbin: kewar wa, ko kewar me? Yakan zama mutum, ko wuri, ko zamani, ko kuma shi mai maganar kansa yadda yake a da. Na ƙarshen nan ya fi ɓuya, kuma ya fi yawa a waƙoƙin tsofaffin hotuna. Sannan ka duba abin da mai kewar yake so a yi. Wani so yake a mayar da komai yadda yake. Wani ya san ba mai dawowa, zama da ciwon kawai yake yi yana jujjuya shi. Gwajin mai sauƙi ne: nemi umarni ko roƙo a waƙar. Idan akwai "dawo", "ɗauka", "amsa mini", na farko ne. A waƙarmu ba a roƙi matar komai ba. Tambaya ce da ita, "kin isa lafiya?", wadda ake yi wa matafiyi, kuma tana iya ɗaukar tafiyar da ba a dawowa. Mawaƙin bai warware ba, kai ma kada ka warware masa da ƙarfi. Ka nuna fuskokin biyu, ka faɗi wadda hujja ta fi rinjaya.

Mataki na 7: Sauti da wurin juyawa

Waƙar furuci ba ta cika bin kari tsayayye ko amsa-amon ƙarshen ɗango ba, don haka kada ka ɓata lokaci wajen neman su, kada kuma ka ɗauki rashinsu aibi. Abin da take amfani da shi shi ne maimaita farkon ɗango ("na san inda... na san inda..."), da amsa-amon ciki, da karangiya (jera kalmomi masu sauti iri ɗaya), da gangara, inda numfashi yake yankewa kafin ma'ana ta cika. Ga kowane maimaici ka saurari ko an faɗe shi iri ɗaya. Kusan kullum na biyu yakan bambanta da na farko a ƙarfi ko a gudu, kuma bambancin shi ne ma'anar. Ka saurari ko mawaƙi ya kwaikwayi muryar na'ura, wato murya shimfiɗaɗɗiya ba hawa ba sauka, a wurin da wayar take magana. Idan daga baya ya faɗi maganar kansa da irin wannan muryar, ka rubuta lokacin, babbar hujja ce.

Wurin juyawa shi ne inda abubuwa biyu ko uku suka sauya tare: gudu, wakilin suna, lokaci, tsayuwar jiki. Ka ɗora takardunka na matakai 2, 3 da 5 gefe da gefe za ka gan shi. A waƙarmu yana kan "yau na kira". Kada ka ɗauka inda aka fi tafi shi ne wurin. 'Yan kallo sukan yi tafi ga ɗango mai ƙyalli, kuma mawaƙan gasa sun san haka, sukan dasa irinsa don maki. "Wa ya tambaye ta?" zai iya jawo dariya, amma ba shi ne ƙashin bayan waƙar ba.

Idan akwai wani bidiyon na waƙar a wani dandali, ka kalle shi. Abin da bai sauya ba tsakanin biyun shi ne ginin waƙar. Abin da ya sauya na wannan daren ne. Ka kuma yi hattara da bidiyon da aka tace: kiɗan fiyano da aka ɗora daga baya, da kusanto da kyamara kan ido, da yanke shiru don bidiyo ya gajarta, duk zaɓin mai tacewa ne. Idan ka jingina su ga mawaƙi, fassararka ta hau kan aikin wani.

Mataki na 8: Rubuta sharhin

Ka fara da jimla ɗaya da wani zai iya musantawa. "Waƙar tana magana kan fasaha da kewa" ba mai musu, don haka ba ta da amfani. Gwada irin wannan: "Mai magana yana zargin wayar da hana shi mantawa, alhali shi ne yake ciyar da ajiyar, kuma sai da baƙo ya amsa kiran ya yarda da haka." Yanzu akwai abin karewa.

Ka kawo hujja uku zuwa biyar, kowacce da ƙafa uku: kalmomin yadda aka faɗe su, lokacinsu a bidiyo, da abin da murya ko jiki ya yi. Aƙalla ɗaya ta zama wadda ba a iya gani a takarda, in ba haka ba rubutacciyar waƙa ka yi wa sharhi. A sharhi mai kalma 800, taƙaita abin da waƙar ta ƙunsa kada ya wuce kalma 100. Kurakuran da aka fi yi a nan uku ne. Wani yakan sake ba da labarin waƙar da kalmominsa ya ɗauka ya fassara. Wani yakan jera sunayen adon harshe, ga kamantawa, ga mutuntarwa, ga alamtarwa, ba tare da ya faɗi abin da kowanne ya aikata a wurin ba. Wani kuma yakan bar waƙar ya koma wa'azi kan illar waya ga matasa, abin da mawaƙin bai ce ba.

Kafin ka saki rubutun, ka nemi ɗangon da ya fi ƙin fassararka ka fuskance shi a fili. Ga jimlar da muka gwada a sama, ɗangon shi ne "jiya wayar ta ce da ni", domin a nan da gaske wayar ce ta tono abin, ba shi ba. Sai ka gyara da'awar ta ɗauki wannan: wani ɓangaren shi yake riƙewa, wani kuma ana jefo masa. Idan ɗangwaye biyu ko uku suka ƙi shiga duk da gyaran, da'awar ce ba ta yi ba, ka koma takardar mataki na 2 ka sake duba inda gudu ya faɗi.

Wajen kawo ɗango a sharhi, ka ɗauki gajeru, ka ambaci sunan mawaƙi da wurin da aka yi wasan da shekarar, ka kuma nuna wane bidiyo ka yi aiki da shi, tunda lokutan da ka rubuta a kansa kaɗai za su yi daidai. Kada ka wallafa rubutun waƙar gaba ɗaya ba da izinin mai ita ba, ko da kai ka sha wahalar rubuta shi daga sauti.